Ka Mayar wa Babanka da Fileyarsa

Zuwa ga ɗana Mubarak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, duk da a gida ɗaya muka kwana, kuma da safen nan da ka durƙusa ka gaishe ni ciki-ciki na amsa maka. Allah Ya raya ka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa tafiyar hidimar ƙasa da za ka yi ranar Alhamis ta zame mana alheri baki ɗaya. Na fara da addu'a ne don kada abin da zai biyo baya ya sa ka zaci na janye ta. Ban janye ba, ba kuma zan janye ba. Amma raina a ɓace yake da kai, Mubarak, ɓacin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Za ka yi mamakin uwar da ƙofar ɗakinta ke kallon taka ta zauna tana rubuto maka takarda. Da baki na so in yi maka wannan faɗa, in ɗaga murya son raina ko zuciyata ta yi sanyi. To a ina? Ka san gidan namu, in an yi tari a kicin sai na zaure ya ce sannu. Babanka kuwa tun da hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganinsa, kunnensa ya zama abin tsoro, ko murfin tukunya na ɗaga sai ya faɗa mini wace tukunya ce. Takarda ce kaɗai zan iya miƙa maka a gabansa bai san abin da ke ciki ba. Ga ni nan a ofis, abokan aiki sun fita cin abinci, ni abincin ma ya ƙi shiga.

Maganar wayarsa ce. Makon jiya ka karɓe ta ka ce za ka gyara masa kafin ka tafi. Ka goge fileyar da ya saba da ita, manhajar nan da ke kunna duk wani sauti ko bidiyo da ke cikin memori, ka sa masa ta fodkas, wadda ke jawo shirye-shiryen magana daga intanet kashi-kashi. Ina tsakar gida ina gyaran alayyafo, ina jin ka kana zuba masa bayani kamar mai tallar magani a tasha.

“Baba, wannan fa ba ta mantuwa. Duk inda ka tsaya, daga nan za ta ɗora. Kuma da kanta take dawunlodin sabon karatu, ba sai ka sha wahalar kai memori kasuwa wajen masu turi ba. Waccan taka ta zama tsohon yayi, sifes kawai take ci.”

Ya ce, “To, madalla. Allah Ya yi maka albarka.”

Ka ce, “No wahala, Baba,” ka karkaɗe wandonka ka yi waje wurin abokanka.

Ina tambayarka, ka sa wayar a hannunsa ka ce Baba gwada mu gani? Ba ka yi ba. Kai ka danna, kai ka ja sama, kai ka ja ƙasa, kana ta cewa ka gani, ka gani. Wa kake ce wa ya gani? Mutumin da ba ya bambanta ni da maƙwabciya sai na yi magana? Duk shekarun da ka yi a jami'a kana karantar kwamfuta, ashe ba a koya maka ka dubi hannun da zai riƙe abu kafin ka miƙa shi ba.

Bari in faɗa maka yadda babanka yake amfani da waccan da ka raina, tunda kai ba ka taɓa tsayawa ka kalla ba. Alamarta ruwan ɗorawa ce, tana can ƙasa gefen hagu, daidai inda babban yatsansa yake sauka. Wannan launi ne kaɗai idonsa yake iya tsinta a fuskar wayar, shi ma dishi-dishi. In ya danna, foldojinsa suna nan a jere yadda ya san su, ba sa motsi. Ta sama Alƙur'ani. Mai bi mata tafsirin malamin masallacin unguwarmu, nan Hashimi, wanda wani bawan Allah ya ɗauka da waya lokacin azumi. Ana jin kukan yara da hon ɗin keke a ciki, amma babanka ya san muryar kowane dattijo da ya yi tari a sahun gaba, har yakan ce, kin ji Alhaji wane, Allah Ya jiƙansa. Ta ƙasa kuwa tsofaffin waƙoƙin garaya da kalangu ne, waɗanda yake ɗinki da su lokacin yana shagonsa a kasuwa. Da yatsa yake lalubo su kamar yadda yake lalubo aljihun rigarsa, bai taɓa kiran kowa ya taya shi ba. Tun da zare ya daina shiga masa allura ya rufe shago, wannan ne abu guda da ya rage yana yi wa kansa daga safe har yamma ba tare da ya ce wa wani don Allah ba.

Zuwa wajen masu turin da ka kira wahala kuwa, ka san me yake yi in ya je? Rumfarsu tana layin teloli, kusa da tsohon shagonsa. Yakan sa babbar riga, ya tari keke mai ƙafa uku, ya ba da memori a zuba masa abu ɗaya ko biyu, kafin a gama ya zauna a bencin abokan sana'arsa yana jin ƙarar kekunan ɗinki, ana tsokanarsa yana ramawa. Ya dawo gida yana warin sabon yadi, bakinsa cike da labari. Mutum mai jin nauyi irinsa ba zai tashi haka kawai ya je ya zauna wa masu aiki ba, sai da dalili. Memorin nan shi ne dalilinsa. Kai kuma ka zo da murnarka ka ce ka hutar da shi.

Yanzu me ka bar masa? Rubutu ƙanana kamar tururuwa. Abin da yake sama jiya, yau wani sabo ya sauko ya tura shi ƙasa. Ga ta da son data, kuma ka san sabis a zaurenmu sai mutum ya miƙe tsaye ya ɗaga waya sama. Washegarin ranar ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki na ji ya danna, sai ga wasu samari suna musun ƙwallon Turai suna ƙyaƙyata dariya. Babanka fa! Na karɓa na duba. Kayansa suna nan cikin memori, ba abin da ya taɓa su, amma ita sabuwar ba ta ganinsu, ba ta ma san da zamansu ba. Tafsirin malaminmu kuwa ko intanet ɗin duniya za ka juye ba za ka same shi ba, don ba wanda ya taɓa ɗora shi. Na ce bari in tashe ka daga barcin nan naka na safe. Ya riƙe mini hannu ya ce kada in soma, zai saba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai shi ya yi ƙorafi. E, ya yi. Ni ma na sha jin sa yana tsaki in aka kira shi a tsakiyar tafsiri, ya gama waya ya tarar fileyar ta koma farko, sai ya sake bin karatun da ya riga ya ji. Wannan aibi ne, kuma ta fodkas ba ta da shi, ban musa ba. Amma ni ma kullum cikin ƙorafin tsohuwar tukunyar tuwona nake, wannan bai ba ka izinin jefar da ita ba. Sannan ka ce wayar ta cika, dole a goge ɗaya. Me ya cika ta? Ba hotunan bikin abokinka ba ne da ka juye a ciki ranar da taka ta ƙi ɗauka? Su ba ka ga sun ci wuri ba, sai abin da tsoho yake jin Alƙur'ani da shi.

Ba don ni ban taɓa irin wannan ɓarna ba nake yi maka faɗa. Na yi, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai, don a gabanka aka yi, kana da wayonka sarai. Ka tuna farkon lalurar idonsa, wata Asabar ya tafi ɗaurin aure Maje, na ce yau zan yi wa Malam abin arziki. Na zage na juya ɗakinsa kaf. Na tura gado jikin bango wai don ya sami fili, na ɗauke tebur daga inda yake, buta na kai ta bayan ƙofa. Magungunan ɗigawarsa, ɗaya yana kan taga ɗaya kusa da rediyo, na ga wannan ai watsi da kaya ne, na sayo ɗan kwando mai kyau na haɗa su wuri guda. Na share, na sa turaren wuta, na zauna ina jiran yabo.

Yana shigowa ƙaurinsa ya haɗu da kusurwar tebur. Farin wandonsa na zuwa biki sai da ya ɓaci da jini. Bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya laluba ya zauna bakin gado, ya miƙa hannu taga bai ji kwalba ba. Ashe na kan taga na safe ne, na kusa da rediyo na yamma, kwalaben kuma girmansu ɗaya, da wurin zamansu yake gane su. Ya ce, “Maman Zainab, ɗakin nan shi ne sauran idon da nake da shi. Don Allah ki mayar mini da shi.” Haka na yi ta jan gado da tebur, yana zaune yana ce mini matsa kaɗan, dawo baya, har komai ya koma mazauninsa. Ina kuka, shi da ya ji ciwo shi yake ba ni haƙuri.

To ka ji. Inda za ka, mutane za ka tarar da suka daɗe suna yin abinsu tun kafin a haife ka. Ko makaranta aka tura ka ko ofis, za ka ga an ajiye abu a inda kake ganin bai dace ba, ana bin doguwar hanya ga gajera a fili. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi, na san ka. Ka sa shi a aljihu. Ka tambayi mai wurin me ya sa, ka tsaya ka ji amsar har ƙarshe. Wani lokaci za ka tarar lallai shirme ne, sai ku gyara tare da saninsa. Sau da yawa kuma akwai dalili, kai ne ba ka gan shi ba. Can babu uwarka da za ta rubuto maka takarda. Murmushi za su yi maka su ce sun gode, kana juya baya su yi tsaki su mayar da abinsu.

Kada kuma ka zaci ina kare fileya ne don ban san halinta ba. Ni ta taɓa kunyatawa a bainar jama'a, kunyar da har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini. Muna cikin bas da safe za mu Abuja, mun maƙale a gosulon Madalla, motoci ba gaba ba baya. Iyafis ɗina na sawa a kunne ya lalace, sai na kunna karatu a hankali na sa wayar cikin jaka a kan cinyata. Wani dattijo ya ce, “Hajiya, ƙara murya mana mu ma mu sami lada.” Na ƙure ta na mayar jaka, ina jin kaina wata ta Allah. Sura na ƙarewa fileya ta wuce abu na gaba da ta tarar. Abu na gaba kuwa saƙon muryar yayarka Zainab ne, tana amarya a lokacin, tana kuka tana zayyano mini halin uwar mijinta, da suna da komai. An matse mu a kujera ko gwiwar hannu ba ta motsi, zif ɗin jaka ya ƙi buɗuwa. Kwandasta yana cewa, “Madam, your phone dey report person o!” wato wayata tana kai ƙarar mutum, mota ta ɗauki dariya. Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, tana zaune a bayana, ashe ƙanwar surukar Zainab ce. Kafin in isa ofis labari ya isa gidan. Sai da na je da ƙafata na zauna a kan tabarma na sunkuyar da kai, kuma yarinyar nan ta daɗe tana zaman doya da manja a gidan mijinta saboda sakacina.

Laifina ne, na bar komai a zube wuri guda, karatu da waƙa da saƙon 'ya'ya, ita kuma fileya ba ta da kunya ba ta da zaɓe, abin da ta tarar shi take kunnawa. Don haka in za ka riƙe ta a wayarka, ka ware kowane abu da foldarsa, ka hana ta leƙa inda saƙonnin mutane suke sauka. Ɗaki ɗaya za ka zauna da waɗanda ba ka sani ba, wasu ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Kada ka sake ka haɗa wayarka da sifikar kowa don a ce kai ne mai waƙoƙi. Amanar da wani ya turo maka da muryarsa, in ka gama ji ka goge ta. Amma ka lura, duk wannan bai shafi babanka ba. Shi nasa kayan a ware suke tun ran farko, ya fi ni da kai tsari.

Ita ma ta fodkas ɗin da kake yi wa kirari, ai ina da ita, kai ka sa mini, kuma na gode. A wannan zirga-zirga tamu ta Suleja da Abuja, da mutum zai fita bayan asuba ya dawo bayan magariba, ta yi mini rana. Ina sauke shiri da intanet ɗin ofis, in ji rabi a hanyar dawowa, gobe ta ɗora mini daga inda na tsaya ko da a tsakiyar kalma ne. Ni ta dace da ni, ina gani, ina karanta rubutu, ina son sabon abu kullum. Amma ita ma sai da ta koya mini mugun hali. Ka nuna mini wurin da ake ƙara sauri, da wanda yake yanke shirun da mai magana yake yi. Na ƙara kaɗan, na saba, na sake ƙarawa, har ya zamana in na ji mutum yana magana yadda Allah Ya halicce shi sai in ga kamar da gangan yake ja mini rai.

Ran nan na dawo a gajiye, babanka yana ba ni labarin wani abokinsa da ya zo gaishe shi. Ka san yadda yake magana, ya faɗi kaɗan ya tsaya, ya nemo kalma. Ban ankara ba bakina ya ce, “Malam, yi sauri mana, ina ne ƙarshen zancen?” Can ya ce, “Ba komai, dama ba wani labari ba ne.” Mutumin da ya wuni shi kaɗai a zaure yana tattalin labarin nan don ya ba ni. Na ba shi haƙuri, na yi lallashi, amma har yau ban ji ƙarshensa ba, ya ƙi ɗorawa. Washegari na mayar da saurin wayata yadda yake.

Kai kuwa naka ya fi nawa, don na ji ka da kunnena. Na turo maka saƙo daga kasuwa, na shigo gida na tarar kana saurara, muryata tana tsiwirwiri kamar ta ɗan tsako. Ni ka sa wa gudu, Mubarak? Ni da na zauna ina jiran ka haɗa kalma da kalma kana yaro, yawu na zuba, ban taɓa ce maka yi sauri ba? Ka yi wa masu shirye-shiryen naka gudu in ka ga dama, su ba su san ka ba, ba za su ji ciwo ba. Amma in ka kira gida daga can, babanka zai tambaye ka ya ruwa, ya abinci, ya mutanen garin, ya sake dawowa ya tambaye ka ya ruwa. Ka amsa duka. In ya yi shiru kada ka ce halo halo ka kashe, bai gama ba ne, kalma yake nema.

In shawarata kake so a kan taka wayar, ka tafi da duka biyun, kada ka tsaya wai sai ka fitar da gwana. Ban san garin da za su jefa ka ba, ana cewa wasu wuraren sai an hau tudu ake samun sabis. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, ta fodkas abin da ka riga ka sauke kawai za ta ba ka, wani ma ta share shi da kanta tunda ka ji. A ranar za ka nemi abin da yake naka a memori, ka nemi mai kunna shi. Ranar da kuma ka gaji da maimaita abu ɗaya, kana so ka ji me duniya take ciki, ko kana bin dogon darasi da ba ka so wurin tsayawa ya ɓace maka, fileya ba za ta tsinana maka komai ba. Kowacce akwai inda take amfani, akwai kuma irin mutumin da ta dace da shi. Kai da ka karanci abin ka fi ni sanin haka. Ɗoki ne ya hana ka tunawa ran nan, kana so a ce Mubarak ya kawo sabon abu.

Yanzu za ka ce, to ai Baba ya saba, kullum kana ganinsa a zaure da iyafis a kunne. Ni ma haka na zata, ni da ya kamata in lura leɓensa ya daina motsi, alhali in yana jin Alƙur'ani bin sa yake yi. Jiya Lahadi bayan la'asar na kai masa kunu. Na same shi a kan tabarmarsa, waya a cinya, yana ɗan gyaɗa kai. Na ji daɗi, na ce bari in ji me Malam ya samu haka. Na zare iyafis ɗaya na sa a kunnena. Babu komai, Mubarak. Na duba wayar, ba abin da ke tafiya.

Na ce, “Malam, tun yaushe?”

Ya ce, “Tun ranar 'yan ƙwallon nan. Tsoro nake in danna in ɓata masa abin da ya shirya.”

Na miƙe na ce wallahi yanzu zan kira ka duk inda kake. Ya ce, “Zauna, Maman Zainab. Yaron nan tafiya zai yi inda bai san kowa ba. Ki bar shi ya tafi yana ganin ya yi wa ubansa abin kirki, ai niyyarsa ke nan. In ya tafi kya kai kasuwa a mayar.” Ya yi irin shirun nan nasa, na jira. Sai ya ce, “Abu ɗaya nake so in sani. In ya turo saƙon murya daga can, wannan sabuwar za ta ajiye mini shi inda zan riƙa ji da kaina?” Na ce masa ban ga alama ba. Ya ce, “To, ba laifi. Sai in riƙa jira ki dawo aiki.”

Muna cikin haka muka ji mashin ya sauke ka a ƙofar gida. Da sauri ya lalubo iyafis ɗin daga hannuna ya mayar kunne, ya gyara zama, ya ci gaba da gyaɗa kai. Ka shigo ka ce, “Baba, ana shan karatu ke nan?” Ya ɗaga maka hannu yana murmushi. Ka wuce ciki kana fito. Ina tsaye a wurin riƙe da kofin kunu, Allah ne kaɗai Ya hana ni watsa maka shi a baya.

Gaskiyarsa ne, zan iya kai wayar kasuwa bayan ka tafi a mayar da fileya, ba wani aiki ba ne. Ba wayar ce ta hana ni cin abinci ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka ɗauki jaka ka bar garin nan, babanka ya kwashe kwanaki da shiru a kunne don ya faranta maka, kai kuma ko lura ba ka yi ba. In ka tafi a haka shi zai yafe, ya ma riga ya yafe. Ni ce zan daɗe ban manta ba, kuma ba na so in riƙa ɗaga kiranka da wannan a raina.

Ya hana ni faɗa maka, na saɓa masa, wannan tsakanina da shi ne. Kada ka je masa da kuka da neman gafara, tona shi za ka yi, ya ji kunyar an kama shi. Ka soke yawon bankwana da abokai da ka shirya gobe. Ka je zaure ka zauna a ƙasa kusa da shi, ka ce ka sake tunani, kana ganin gara a mayar da tsohuwar saboda tafsirin malam. Ka kwashe hotunan nan naka. Ka mayar da ita can ƙasa gefen hagu, sannan ka sa wayar a hannunsa ka naɗe naka. Shi zai danna, kai ka yi shiru, in ya kuskure ka bar shi ya sake. In yana so ta fodkas ta zauna a wani lungu don wata rana, shi zai faɗa. Kada ka tashi daga wurin sai muryar malamin unguwarmu ta fito da yatsan babanka.

Sannan ka buɗe masa sabuwar folda ta saƙonninka, ka nuna mini yadda zan riƙa juye su ciki in ka turo. Ka fara sa ɗaya tun yanzu, ka gaishe shi a ciki da kyau, a hankali, ba irin gaisuwar da kake yi kana ɗaure takalmi ba. Inda za a ajiye foldar, sama ko ƙasa ko tsakiya, kada ka yanke masa. Ka tambaye shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda idonmu ba ya kaiwa. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka riƙa kira. Allah Ya dawo mana da kai ka tarar da mu lafiya, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Addu'ata tana tare da kai duk inda ka sa ƙafa. Fushina ma yana nan, kuma ba zai sauka ba sai na dawo aiki gobe na zare iyafis ɗin nan na ji murya a ciki.

Wassalam,
Mahaifiyarka.